Na Gani, Na Ji, Ina Zato

  

Sharhinmu na yau a kan magana yake. Musamman a kan wasu 'yan kalmomi da Hausa ta tanada domin mutum ya fitar da abin da ke ransa, a kuma fahimce shi yadda yake nufi. Jigon sharhin guda ɗaya ne, kuma za ku ji shi ya dawo sau da yawa. Duk labarin da ya fito daga baki, ɗayan uku ne. Ko mai shi ya gani, ko ya ji, ko yana zato. Hausa tana da kalmar kowanne. Wanda ya sa kowace kalma a gurbinta, shi ne ya iya magana.

Mu fara da kasuwar Farin Gada ta Jos da sanyin asuba. Motoci sun sauke kabeji da karas da tumatur. Buhunan dankalin Turawa sun iso daga Bokkos da Mangu. Mai kayan wata mata ce, Birom ko Ron ko Mwaghavul. Dillalin Bahaushe ne. Mai sayen kuwa daga Anaca ya zo, zai loda mota ya nufi kudu. Mutum uku ke nan, kowa da harshen da ya sha a nono, amma da Hausa ake cinikin.

Ku saurari yadda suke yi. Mai saye ya taya. Mai kaya ta ce albarka. Kowa a wurin ya san abin da albarka take nufi. Kuɗin bai kai ba, amma ba a ɓata ba, yana iya ƙarawa. Ya ƙara. Ta sake cewa albarka. Dillali ya shiga tsakani, ya ja wannan gefe, ya ja wancan. Can sai ta ce ta sallama. Da fitar kalmar nan, ciniki ya faɗa. Ita ba ta janyewa, shi ma ba ya zillewa. Sai a koma batun la'ada da gyara da kuɗin 'yan dako.

Ba wanda ya sa hannu a takarda. Kalma uku ce ta ɗaure dukiya mai yawa, tayi da albarka da sallama. Kowace da nauyinta, kuma ba mai musanya wata da wata.

To, ga tambayar da ta haifi wannan sharhi. Mutanen da suka iya auna kalma haka a kan buhun dankali, me ya sa suke sakin baki idan labari ya shafi ran ɗan Adam?

Kafin amsa, sai an ɗan waiwaya a ga yadda Hausa ta zama harshen wannan gari.

Kuza ce ta tara Jos. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka zo haƙar ta a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta. Leburori da 'yan kasuwa da mahauta da masu sana'a suka biyo su daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, daga baya na kudu ya biyo ta Kafanchan, ya kawo Ibo da Yarabawa da Urhobo. Jihar Filato kanta tana da harsuna fiye da 40. Ngas ba ya jin Tarok. Tarok ba ya jin Birom. A ramin kuza, a layin biyan albashi, a kasuwar barikin ma'aikata, dole a sami harshen da zai haɗa kowa. Hausa ce ta ɗauki wannan aiki.

Daga nan ta shiga wuraren ibada. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma har yau da Hausa ake sujada a majami'u masu yawa na Filato. Hedkwatar COCIN a Jos take, haka ma ta ECWA. Matan Zumunta da Hausa suke waƙa. A ɗaya ɓangaren, a Jos ne Shaikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma da Hausa wa'azinta ya bazu a kaset har ya tsallaka Nijar da Kamaru da Ghana. Malaman ɗariƙu da Hausa suke tafsiri. Musulmi da Kirista a garin nan duk Allah suke kira. Duk suna cewa addu'a, da tuba, da gafara, da zunubi, da albarka.

Wannan babbar kadara ce, masu sauraro. Garuruwa da yawa da suka sha rikici ba su da harshen da zai haɗa ɓangarorinsu. Jos tana da shi. Amma harshen da kowa ke ji, da shi ake ciniki, da shi kuma ake baza jita-jita. Saurinsu ɗaya ne.

To, mu juya ga batu na biyu. Mece ce fayyace magana?

Wasu suna ɗauka cewa iya magana shi ne iya karin Kano. Sau nawa aka yi wa Hausar Jos dariya? A ce mutumin Filato ya ce yarinya ya zo. A ce ya kira ƙasa da kasa, ya kira ɗaki da daki. Gaskiya ne, waɗannan bambance-bambance suna da aiki a harshe. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Karin sauti ma yana raba ma'ana. Da shi ake gane kukan yaro da kukar miya. Da jan wasali kuma ake raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Mai koyon Hausa ya kamata ya kula da su, mai karanta labarai a rediyo kuwa wajibinsa ne.

Amma a duba da kyau. Matar da ta ce 'yarta ya zo, an gane ta. Ba wanda ya cutu. Shi kuwa wanda Hausarsa ta fita tas, babu tuntuɓe a lafazinsa, amma ya ɗauki abin da ya ji ya faɗe shi kamar ya gani, wannan ya yi ɓarna. Kuskuren matar a nahawu yake, malamin makaranta zai gyara. Kuskurensa shi a amana yake, wani lokaci sai an kira jami'an tsaro.

Kalmar fasaha ma tana tuna mana da haka. Yau idan aka ce fasaha, hankali sai ya tafi ga kwamfuta da injuna. A Larabcin da aka aro ta, asalin ma'anarta ita ce magana ta fita sarai, babu duhu a cikinta. Bahaushe kuma idan ya ce bai ji Hausarka ba, sau da yawa ba harshen yake nufi ba. Nufinka ne bai kama ba.

Yanzu mu shiga zuciyar batun, wato kalmomin kansu.

Hausa ba ta da talaucin kalmomin tunani. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, zai ga haka. Akwai tunani, akwai ra'ayi, akwai nufi. Akwai zato da tsammani da hasashe. Akwai shakka da kokwanto, akwai kuma tabbaci da yaƙini. Kowace tana nuna matakin da zuciya take kai. Wanda ya ce ina zato, ya gaya maka cewa ƙafarsa ɗaya ce a ƙasa. Wanda ya ce na tabbata, ya ɗora sunansa a kan maganar. Wanda ya ce a ganina, ya bar maka fili ka kawo naka ganin.

Sai kalmomin da ke nuna inda labari ya fito. Na gani da idona. A gabana aka yi. Wane ne ya gaya mini. Na ji a rediyo. An ce. Sai ƙaramarsu duka, mai haruffa uku, wato wai.

Wai kalma ce mai daraja, ko da yake an raina ta. Idan mutum ya ce wai an rufe hanya, ya yi maka adalci. Ya nuna maka cewa kayan aro ne ya ɗauko, ka bincika kafin ka yi aiki da shi. Harsuna da yawa sai sun haɗa jimla guda kafin su faɗi abin da wai take faɗa a numfashi ɗaya.

Akwai kuma ashe, kalmar wanda ya gano cewa abin ba haka yake ba. Ashe tayar mota ce ta fashe. Ashe bikin aure ne, yara ke harba abin wasan wuta. Akwai wato, da ina nufin, waɗanda mai magana ke dawowa da su ya warware abin da ya ɗaure. Akwai me kake nufi, tambayar da ta sha kashe faɗa tun bai tashi ba. Sai jimlar da ta fi kowace nauyi a harshen babban mutum, wato ban sani ba.

Ku lura da yadda jita-jita take girma, domin duk mazaunin Jos ya taɓa ganin haka. Na farko ya ce, wai an ji ƙara wajen kasuwar Tamanus. Na biyu ya yar da wai, ya ce an ji harbi a Tamanus. Na uku ya ƙara yanzu-yanzu. Na huɗu ya ce an kashe mutane. Na biyar ya ce su ne. Kafin a jima, an ja ƙofofin shaguna. Masu Keke sun juya. Iyaye sun bazama makarantu ɗauko yara. Wani ya faɗi, wani ya yi asarar kayansa, wani ya tsinci kansa a unguwar da yake tsoro. A bi labarin baya-baya, za a tarar ba wanda ya zauna ya ƙirƙiri ƙarya. Kowa dai ya cire kalma ɗaya ta shakka, ya sa kalma ɗaya ta tabbaci.

Shi ya sa sharhin nan yake nanatawa. Abin da ka gani, ka ce na gani. Abin da ka ji, ka ce na ji, ka kuma faɗi a bakin wa. Abin da kake zato, ka kira shi zato.

Kada wani ya ɗauka wannan sabon darasi ne na 'yan boko. Addinan garin nan biyu sun daɗe da koyar da shi. Suratul Hujurati ta umarci muminai da su bincika labari kafin su yi aiki da shi, ta kuma gargaɗe su game da yawan zato. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambayar wa ya ji daga wa. Idan ruwaya ta inganta, sai su ce wane ya faɗa. Idan tana da rauni, sai su ce an ruwaito. Wai ɗinsu ke nan. A ɓangaren Kirista kuwa, Luka ya buɗe Bishararsa da bayyana cewa ya bi diddigin labarin daga waɗanda suka gani da idonsu. Wasiƙar Yaƙub, sura ta 3, ta kwatanta harshe da 'yar wutar da ke cinye babban daji. Liman da fasto, kowa yana da wannan darasi a littafin da ke hannunsa.

To, masu sauraro, yanzu mun zo wurin da ke da zafi. Me ke faruwa idan waɗannan kalmomi suka faɗi daga baki?

Jos ta biya farashin da tsada. Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, ya fara ne daga wata taƙaddama a unguwar Kongo Rasha. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa cikin ƙasa da mako ɗaya an rasa rayuka fiye da 1,000. Tushen rikicin yana da zurfi. Akwai siyasa, akwai muƙamai, akwai gardamar wa ke da gari. Ba wanda zai ce kalma kaɗai ce ta haddasa shi. Amma mafi yawan waɗanda suka ɗauki makami a sauran unguwanni ba su ga abin da ya faru a Kongo Rasha ba. Ji suka yi. Kuma kowane ɓangare da irin labarin da ya isa kunnensa.

A rikicin Janairun 2010, saƙonnin waya sun yi ta yawo suna ƙara wa wutar mai. A 2018 kuwa abin ya koma Facebook. A watan Yunin shekarar aka kai munanan hare-hare a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, aka kashe mutane da yawa. Wannan gaskiya ne, ya faru. Amma a cikin hotunan da aka yi ta yaɗawa har da waɗanda ba su da alaƙa da harin. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban shekarar ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sandan Filato sun shaida wa masu binciken cewa irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen tunzura ramuwar gayya a kan matafiyan da ba su ji ba, ba su gani ba.

A nan akwai abin lura. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Karin maganar nan an yi ta ne tun kafin waya mai hoto. Yau mutum yana kallon bidiyo, sai ya ce na gani da idona. Alhali bai gani ba. An nuna masa ne. Bai san wanda ya ɗauka ba, bai san ranar ba, bai san garin ba. Hoton waya ɗan gidan wai ne, ko da ya zo sanye da rigar na gani. Wanda ya kalli bidiyo, abin da ya dace ya ce shi ne, an turo mini, ban tabbatar ba.

Sai batu na gaba, wato kalmomin da ke ɓoye mai laifi, da waɗanda ke shafa wa kowa laifi.

Hausa tana da an. An kashe, an ƙona, an kai hari. Kalma ce mai amfani idan ba a san wanda ya yi ba. Tana kuma da su. Su ne suka yi. Mutanen nan ba su da amana. Su wa? Mutum biyar ne suka yi ɓarna, ko ƙabila ce gaba ɗaya, da jariranta da tsofaffinta? Idan su ta shiga labari babu suna, kowane mai sauraro sai ya cike gurbin da wanda ya riga ya tsana.

Haka sunayen da ake jifan juna da su. A kira mutum arne, alhali yana da addininsa da sunan ƙabilarsa. A kira mutum baƙo, alhali a Dilimi aka binne kakansa. Mai faɗa yana iya cewa shi bai nufi komai ba. Amma kalma tana da tarihinta, kuma mai ji da tarihin yake ji. Fayyace magana ta haɗa da kiran mutum da sunan da ya yarda da shi.

An kuma ga amfanin kishiyar haka a garin nan. Tsakanin 2013 da 2014, wata cibiyar sulhu mai mazauni a Geneva ta taimaka aka zaunar da wakilan Afizere da Anaguta da Birom da Fulani da Hausawa, da na sauran al'ummomin Jos. Kowace al'umma ta faɗi ƙorafinta da bakinta, a gaban waɗanda take ƙorafi a kansu. A 2016 gwamnatin Simon Lalong ta kafa hukumar samar da zaman lafiya ta jihar. Zaman sulhu bai share duk matsalolin Filato ba, kowa shaida ne. Amma duk inda aka yi shi da gaske, aikin farko shi ne a raba abin da ya faru da abin da aka ji, a raba abin da aka ji da abin da ake tsoro.

To, kada a ɗauka sai a lokacin rikici ake bukatar wannan. Mu leƙa asibiti.

Majiyyaci ya zauna gaban likita, a asibitin Jan Kwano ko a asibitin koyarwa da ke Lamingo. Aka tambaye shi me ke damunsa. Ya ce jikin ne dai ba daɗi. Likita ya rasa ta inda zai kama. Alhali Hausa ta rarrabe ciwo filla-filla. Akwai zogi, akwai raɗaɗi, akwai suka. Ciki yana murɗawa, kai yana sarawa, ƙirji yana ɗaurewa, ido yana ganin jiri. Kowace kalma a cikin waɗannan tana nuna wa likita hanya daban. Idan majiyyaci ya ce tun jiya da dare marata take suka ta gefen dama, ya rage wa likita rabin aiki. Idan kuma ya zo ya ce taifot ne ke damunsa, to zatonsa ya kawo, ya bar abin da yake ji a gida.

Kotu ma haka take. Alƙali yana tambayar shaida abin da ya gani, ba ya tambayarsa abin da unguwa ke faɗa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Tafintan da ya yar da wai guda ɗaya a fassararsa yana iya mayar da mai jin labari ya zama ganau.

Wani zai ce, ai mu mutane ne masu kunya da kawaici, ba komai ake faɗa ɓaro-ɓaro ba. Wannan gaskiya ne, kuma ado ne. Shi ya sa ake cewa mace ta sauka, ake cewa wane ya riga mu gidan gaskiya. Saye irin wannan kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka ba ya ruɗa kowa. Wanda ke ruɗarwa shi ne kame-kame da kwana-kwana. A tambaye ka za ka zo, ka ce sai dai mu gani, alhali ka san ba za ka je ba. A nemi bashi, ka ce a dawo gobe, alhali ka yanke ba za ka bayar ba. Ku tuna da matar Farin Gada. Da ta ce albarka, ta ƙi tayin sarai, kuma ba ta ci mutuncin kowa ba. Ladabi da fayyacewa suna zama a kalma ɗaya.

Garin nan ya haifi gwanin wannan fanni. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Kayan kiɗansa kuntigi ne, mai tsirkiya ɗaya. Ba shi da taron 'yan amshi da za su rufe masa gurbi. Kalmominsa ne kaɗai jarinsa. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan gulma. Hausarsa mai sauƙi ce, ɗan Ngas ya gane, Bakatsine ya gane, ɗan Yamai ya gane. Yakan sa muryar miji, ya sa ta mata, ya sa ta mai kai gulma, kuma mai sauraro bai taɓa ruɗewa a kan wa ke magana ba. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Wanda ke son ya koyi yadda ake faɗin abu mai nauyi da kalma mara nauyi, ya koma ga faya-fayensa.

Masu aikin jarida ma suna da nasu rabon. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma tun daga lokacin kunnen Bahaushe ya saba da jin in ji wane, da a cewar hukuma, da ba a tabbatar ba tukuna. Waɗannan ba ado ba ne a cikin labari. Su ne ke nuna wa mai sauraro inda zai dogara da inda zai dakata. A Jos ake horar da ma'aikatan talabijin a kwalejin NTA da ke Rayfield, a nan kuma hedkwatar hukumar fina-finai ta ƙasa take. Garin da ke koya wa Najeriya aikin watsa labarai ya cancanci ya zama abin koyi wajen tace labari. Yau kuma duk mai waya a hannu ɗan jarida ne, ko ya sani ko bai sani ba.

To, jama'a masu sauraro, sharhin ya zo gangara. Ga 'yar magana gare ku.

Iyaye, idan yaro ya shigo da gudu ya ce an yi kaza, ku tambaye shi cikin natsuwa, kai ka gani, ko gaya maka aka yi? Ku yaba masa idan ya ce ban sani ba. Malamai da fastoci, ku da ke da lasifika, wai ɗinku tana da nauyin da ta fi ta kowa, kada ku bari ta faɗi a hanya. Masu kiran waya a shirye-shiryen rediyo, ku ce a ganina kafin ku kawo ra'ayi, ku bar wa na gaba fili. Matasa, idan saƙo ya shigo wayarku a daren nan, da hoto ko da murya, ku dakata kafin ku tura. Ku tambayi wanda ya turo inda ya samo shi. Idan ya ce shi ma turo masa aka yi, to a wayarku ya kamata tafiyar saƙon ta ƙare.

Abin da kuka gani, ku ce mun gani. Abin da kuka ji, ku ce mun ji. Abin da kuke zato, ku ce zato ne. Gobe da asuba za a sake buɗe Farin Gada, a taya, a ce albarka, a sallama, kowa ya koma gida da haƙƙinsa. Da wannan Hausar muke roƙon ku riƙa ba juna labari.

 Allah ya zaunar da Jos da Filato lafiya.